Ƙanwata, ni ma na tsaya gaban allon nan

Assalamu alaikum. Tun da asuba na ga tambayarki, na ajiye wayar na sake ɗauka ya fi sau 3 kafin na iya rubutu, don abin da kika faɗa kamar daga bakina kika ciro shi. Kin ce kina SS2, kin haddace fomulolin motsi da dokokin Newton har ko daga barci aka tashe ki za ki karanto su, amma da an rubuta tambaya a allo sai kanki ya ɗaure, har kin fara tunanin komawa ajin at. Don girman Allah ki dakata tukuna, ki ji nawa.

Ranar Talata ce, mun dawo daga tara ke nan. Malaminmu na fiziks ya rubuta cewa wata mota tana gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki, ta tsaya cik cikin sakan 5. Mita nawa ta ci kafin ta tsaya? Ya juyo ya nuna ni da alli. Na fita ƙafafuna suna rawa, amma a raina na ce wannan kam na iya. Na haɗa 72 da sifili na raba biyu, na samu 36, na ninka da 5, na rubuta mita 180, har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya yi shiru yana kallon allon. Can sai ya ce wa 'yan aji su tafa mini. Suka tafa, ni kuwa na ɗauka da gaske ne, har na yi murmushi. Wannan murmushin ne har yau yake cin raina, shekara da shekaru. Sai ya ce motata ta wuce filin ƙwallo ta faɗa gidan mutane, ya ce irina ne muke tare wa masu ƙwaƙwalwa gurbi a ajin kimiyya, da gida na zauna na koyi tuƙin tuwo da ya fi mini. Ya sa na durƙusa a bakin ƙofa hannu sama har aka kaɗa ƙararrawa. Tsakuwar simintin da ya farfashe ta shiga gwiwata, 'yan wasu azuzuwan suna wucewa suna leƙe. Daga ranar sunana ya koma Wan-eiti, wato 180 da Turanci, har 'yan JS suna kira na da shi.

Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Bai faɗa mini inda na yi kuskure ba. Ya goge, ya rubuta 50, ya wuce tambaya ta gaba. Sai bayan kusan shekara na gano hanyata daidai take tun daga farko har ƙarshe, abu ɗaya tal na bari: ban mayar da kilomita 72 a awa zuwa mita 20 a sakan ba. Da na yi haka, rabin 20 shi ne 10, sau 5 kuma 50. Magana ce da ba za ta ci masa minti ɗaya ba. Ya zaɓi ya wulaƙanta ni. Na je gida ban ci abinci ba, Innarmu tana ta tambaya ko zazzaɓi ne, na ce eh. Zangon nan maki 23 na samu, domin ko littafin na gani sai gabana ya faɗi. Na yafe masa, Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma ban manta ba, kuma duk malamin da yake karanta wannan ya ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane.

Don haka fara da wannan: kilomita ɗaya mita 1,000 ce, awa ɗaya sakan 3,600 ce, saboda haka duk inda kika ga kilomita a awa ki raba da 3.6 kafin ki taɓa kowace fomula. Wallahi ina zargin rabin abin da yake kayar da ke irin wannan ne, ba rashin fahimta ba.

Wadda ta cece ni wata 'yar bautar ƙasa ce da aka turo mana muna SS3. Ranar farko ba ta rubuta komai ba, ta kwashe mu zuwa rijiyar bayan makaranta da agogonta na hannu. Ta ce wata ta saki dutse, kar ta jefa, saki kawai. Muka ƙirga har muka ji tsulum, muka maimaita sau da yawa, yana ba mu wajen sakan 1.5. Ta ce to ku gaya mini zurfin rijiyar nan. Dutsen daga tsaye ya tashi, u, wato gudun farko, sifili ke nan, jan ƙasa yana ƙara masa gudun mita 10 a sakan cikin kowane sakan, sai s = ut + ½at² (s nisa, t lokaci, a ƙaruwar gudu) ta zama rabin 10 sau 1.5 sau 1.5, wato mita 11 da kwata. Sannan ta sa aka zura guga har ta taɓa ruwa, aka jawo igiyar aka shimfiɗa a ƙasa aka auna da tef. Mita 11 da ɗan ɗoriya. Ƙanwata, tsigar jikina ta tashi. Ashe haruffan nan da nake haddacewa kamar karatun aku maganar rijiyar gidanmu suke yi. Ainihin adadin jan ƙasa wajen 9.8 ne, amma a tambayoyin WAEC da NECO yawanci za a ce ki ɗauki 10, ki riƙa duba ƙarshen tambayar.

Ita ta koya mini in riƙa juya tambaya zuwa Hausa a cikin kaina kafin in taɓa biro, don sau da yawa Turancin ne yake rikita mu, lissafin ba shi da laifi. In zana motar ko da akwati ne mai taya biyu, in ja kibiya inda ta nufa. Sannan in jera u, v (gudun ƙarshe), a, s, t a gefe, in cike wanda aka bayar. Wasu ba a ba da su da lamba, a cikin zance suke ɓuya: an ce mota ta tashi daga tsaye, u sifili ne, an ce ta tsaya, v sifili ne, an ce ta taka birki, a zai fito da alamar ɗebewa, kar ki tsorata ki goge ta. Kusan kullum za ki tarar an ba ki uku ana neman na huɗu, na biyar kuma babu ruwan kowa da shi. Ki ɗauki fomular da babu wannan na biyar a cikinta. Ba a ambaci lokaci ba? v² = u² + 2as. Ba a ambaci nisa ba? v = u + at. Shi ke nan sirrin da na yi shekara biyu ina kuka a kansa.

Ita wannan ta v² ɗin, tun da na gane ta ban ƙara samun natsuwa a motar haya ba. Motar da ke allon nan, mai mita 20 a sakan, mita 50 ta buƙata. Idan ta ninka gudu zuwa 40, da birki iri ɗaya, mita 200 za ta buƙata, ninki 4 ke nan, ba 100 ba. Duk lokacin da na hau titin Kano zuwa Zariya direba ya danna mota yana cewa birkinsa sabo ne, wannan lissafin nake yi a zuciyata ina salati. Na sha yi musu magana, wani ya rage, wani ya ce Hajiya ki bar mu da aikinmu. Da ana koya wa masu neman lasin wannan layi ɗaya, da an rage marayu.

Dokokin Newton kuma ki daina karanto su, ki neme su a titi. Kina cikin A Daidaita Sahu ya ci birki kin tafi gaba kin bugi ƙarfe, babu wanda ya tura ki, jikinki ne yake ci gaba da tafiyar da yake yi tunda birkin keken ya kama, bai kama ke ba. Doka ta farko ke nan. Idan tana yi miki wuyar haɗiya ba laifinki ba ne, domin ido yana nuna mana duk abin da aka daina turawa tsayawa yake yi, kuma kusan shekara 2,000 masana suna kan wannan fahimta tun daga Aristotle na Girka, sai da Galileo na Italiya ya yi ta gangaro da ƙwallaye a kan katako, sannan Newton na Ingila ya rubuta dokokin a 1687. Gogayya da ƙasa da iska ce take tsayar da abu, da babu ita da tafiya zai yi ta yi. Ta biyu kuwa ki kalli ɗan garuwa da kurarsa: da jarkoki cike sai ya sa kafaɗa ya yi nishi kafin ta motsa, in ya sauke ruwan da hannu ɗaya yake tafiyar da ita. F = ma ke nan a gabanki, wato ƙarfin turi daidai yake da nauyin abu sau ƙaruwar gudunsa. Ta uku, mai cewa duk abin da kika tura shi ma yana tura ki da ƙarfi daidai da naki, ita ce ta fi wahalar da ni, don na ɗauka tunda ƙarfin biyu daidai suke sai su kashe juna. A'a, ba a jiki ɗaya suke aiki ba. Wanda ya yi tsalle daga kwalekwale, ƙafarsa ta tura kwalekwalen baya, kwalekwalen ya tura shi gaba.

Af, na tuna wani tarko da suke so. Ki cilla lemo sama, a can ƙololuwa gudunsa sifili ne, amma jan ƙasa bai tafi hutu ba, yana nan 10 ɗinsa, shi ya sa lemon yake dawowa. Kuma idan wani ya ce miki abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa, ki nemi bidiyon Apollo 15 a YouTube: a 1971 David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata inda babu iska, suka sauka tare. Na kalle shi ya fi a ƙirga. Giraf, wato zanen layin gudu da lokaci, shi ma kar ki raina shi, faɗin filin da ke ƙarƙashin layin shi ne nisan, gangaren layin shi ne a, motar nan ma ɗan alwatika ce mai tsayi 20 da gindi 5, rabin 20 sau 5 ya ba ki 50.

Ban sani ba ko ke ma akwai wanda ya taɓa kunyata ki, amma yadda kika rubuta cewa ƙila ƙwaƙwalwarki ce ba ta fiziks ba, na ji muryar wani a ciki. Ni da aka kira Wan-eiti C4 na fita da ita, kuma na yi kuka ranar da na ga sakamakon. Yau da yamma ki ɗauko tambaya ɗaya da ta gagare ki, ki yi ta yadda kika saba ko da kin san ba daidai ba ne, kar ki goge komai, ki ɗauki hoton takardar ki turo nan. Zan duba layi bayan layi bayan isha'i in sha Allah, in nuna miki ainihin wurin da ƙafarki take zamewa.