Filasha ba ta isa ga ɗan da ke ciki, zafin fitila ne abin tsoro

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin situdiyo na mata zalla. Wata mai cikin wata bakwai za ta zo hoto, amma surukarta ta ce kada a haska mata filasha, wai idon jariri zai lalace. Hankalina ya tashi, har na aro fitilar halojin mai wat 1000. A gwajin da na yi kuma cikin ya baje a hoton, bai fito ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fitilar nan dai ki mayar wa mai ita.

Gyara bajewar cikin ba wuya. Gaba da gaba kika haska, alhali inuwa ce ke fito da tudun ciki. Mai cikin ta tsaya a kaikaice, ki kai sofboks, wato akwatin fitila mai tausasa haske, gefenta ko ɗan bayanta kaɗan, haske ya bi gefen cikin ya dushe a hankali. Ɗaya ɓangaren farin kwali da zai dawo da haske ya wadatar, kada ki matso da shi har ya cinye inuwar. Fata mai duhu tana son haske mai faɗi kuma kusa, ba mai ƙarfi ba. In kin ninka nisan fitila, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai zai isa gare ta. Atamfa mai yawan zane tana ɓoye siffa, yadi mai launi ɗaya ya fi, ta ɗora hannu ɗaya a saman ciki, ɗaya a ƙasa.

Sai maganar filasha, wadda na gaji da ji. Filasha haske ne irin wanda ido ke gani, ba eksire ba ce, kuma walƙiyarta kusan ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa ce. Tsakaninta da jariri akwai tufafi, fata, kitse, tsoka, bangon mahaifa da ruwa. Matar da ta fita tsakar gida ta yi shanya da hantsi ta sha hasken da ya fi haka nesa ba kusa ba. Ban ga laifin surukar ba, jikanta take ji wa. Takaicina masu situdiyo ne da suka san gaskiya amma su gyaɗa kai don kada ciniki ya kuɓuce, da masu tura saƙon murya a WhatsApp ba tare da sun tambayi ko ungozoma ba.

Dubi inda jita-jitar ke kai mu. A guje wa filasha, a kunna halojin a ɗakin da aka toshe taga, a watan Afrilu, a tsayar da mai ciki tana zufa har jiri ya kwashe ta. In ta gaji a ce ta kwanta rigingine. Wannan shi ne haɗarin! Daga mako na 20, mahaifa na iya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri, tashin zuciya, wani lokacin suma. In za ta kwanta, ta kishingiɗa ta gefen hagu, da matashi. Kujera da ruwan sha su kasance kusa, kina hutar da ita.

Abu ɗaya za ki tambaye ta: tana da farfaɗiya, ko ciwon kan da walƙiya ke tayarwa? In haka ne, a bar filasha saboda ita.

In surukar ta kafe, kada ki ja da ita. Tsayar da matar gefen taga da safe, ki saki farin labule, ki kashe fitilun ɗaki, ko ki sa fitilar LED da ba ta ɗumama wuri.