Likita ya ce in huta da kemo: shin sallamata aka yi?

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ni matar aure ce a cikin birnin Katsina, shekaruna 46, kuma shekara uku ke nan ina jinyar sankarar mama. An yi mini aiki, na sha kemo, wato maganin sankara mai ƙarfi da ake ɗaurawa ta jijiya, aka tura ni asibitin Shika da ke Zariya aka yi mini gashi da na'ura, na samu sauƙi har na koma koyarwa. Bara ciwon ya dawo a ƙashin baya da hanta, aka sake ɗora ni a kan kemo duk bayan mako uku. Yanzu tafin ƙafata kamar ina taka auduga, yatsuna ba sa iya zura zare a allura, abinci kuma ba ya yi mini ɗanɗano ko kaɗan.

Makon jiya likita ya duba sabon hoto, ya ce ciwon ya ɗan ja baya, don haka a dakatar da kemo na wata biyu ko uku, ya rubuta mini ƙwayar da zan riƙa sha kullum. Na yi murna, domin auren 'yata ta fari yana tafe bayan Babbar Sallah. Amma da na koma gida, yayata ta fashe da kuka, ta ce idan asibiti suka ce a je gida a huta, to sallama ce. Ta kawo mini jarkar jiƙo daga wurin wani mai magani. Maigida kuwa ya ce mu tafi Kano mu nemi likitan da zai ci gaba, ko da zai sayar da filin da ya rage masa. Gwaggo, barci ya ƙaurace mini. Shin ɓoye mini gaskiya ake yi?

'Yarki daga Katsina

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Ban ga takardunki ba, amma abin da kika bayyana bai yi kama da sallama ba. Likitan da ya yanke ƙauna ba ya cewa ciwo ya ja baya, kuma ba ya ƙayyade watannin hutu.

Kemo iri biyu ne ta fuskar manufa, kuma kin ɗanɗani duka biyun. Wanda aka yi miki bayan tiyata an yi shi ne da niyyar kawar da ciwon gaba ɗaya, shi ya sa ake ƙidaya zagayensa, kuma ba a son a tsallake ko ɗaya sai da dalili mai ƙarfi. Wanda ake yi bayan ciwo ya bazu zuwa ƙashi ko hanta kuwa, manufarsa a danne ciwon a tsawaita rayuwa mai daɗi, tafiya ce mai nisa, kuma mai tafiya mai nisa dole ya lallaɓa abin hawansa. Wasu magungunan, irin su paclitaxel, suna taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, kuma idan aka yi ta ƙarawa bayan yatsu sun fara mutuwa, lahanin yana iya zama na dindindin. Ɓargo ma yana gajiya, jini ya ƙi hawa. Saboda haka likitocin daji a ko'ina suke ba da irin wannan hutu idan hoto ya nuna ciwon ya lafa. Ƙwayar da aka ba ki, idan tamoxifen ce ko letrozole, magani ce sosai ga nau'in sankarar da ke girma da sinadarin jikin mace, don haka kada ki ɗauke ta kamar panadol, kada kuma ki yi fashin shan ta.

Ba zan ɓoye miki ba, hutun yana da nasa haɗarin: ciwon yana iya farkawa a cikinsa. Abin da ke bambanta shi da guduwa daga asibiti shi ne sa ido. Ki koma wurin likitan tare da maigida, har da yayarki idan za ta yarda, ki tambaye shi ƙarara: me ya sa yanzu, wace rana za a sake hoto da gwajin jini, kuma wane magani ya tanada idan ciwon ya motsa? Ki kuma yi masa tambayar da ta hana ki barci, da bakinki. Jin ra'ayin wani likita a Kano ba laifi ba ne, amma ku tafi da dukkan takardu don neman shawara, kada ku tafi neman wanda zai ɗaura miki ruwa ko ta halin ƙaƙa. Kafin a taɓa filin nan, maigida ya bincika asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya haɗa da sankarar mama, kuma asibitin Shika yana cikin cibiyoyinsa.

Jarkar nan ita ce ta fi tayar mini da hankali. Na san ƙauna ce ta sa yayarki ta kawo ta, amma hantarki tana ɗauke da ciwo, kuma babu wanda ya san abin da aka jiƙa a ciki. Idan ya taɓa hanta ko ƙoda, ranar da ake buƙatar komawa kemo gwaji zai hana. Ki roƙe ta ta mayar da ƙoƙarinta ga addu'a da girka miki abin da bakinki zai karɓa.

Kada ki jira ranar ganin likita idan kika ji sabon ciwon baya tare da raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari, ko numfashi ya yi wuya, ko ido ya yi rawaya, ko zazzaɓi ya kai 38 a ma'auni. A ranar za ki tafi asibiti, ko da dare ne.

Batun biki kuwa, ki gaya wa likita ranar tun yanzu domin ya tsara hoton gaba da ita a ransa. Ki bar wa dangi hidimar tukwane da zirga-zirgar kayan ɗaki, ki zauna a ɗakinki a matsayin uwar amarya, masu zuwa su same ki a can.

Gwaggo