Tambayi Likita: Da gaske ana yi wa ƙashin baya tiyata ta 'yar ƙaramar kafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, shekarunsa 58. Wata biyar ke nan ciwo na taso masa daga ƙugu, ya bi bayan cinyar hagu har babban yatsan ƙafa. An yi ƙaho, an sha magani, yanzu salla ma a zaune yake yi. Likita ya ce faifan bayansa ne ya zame, ƙila sai tiyata. Baba ya ce ba mai tsaga masa baya, don ya ji ana shanyewa. Wani ya ce min akwai wadda ake yi ta 'yar ƙaramar kafa. Haka ne? Daga wani ɗalibi a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba Baba lafiya. Haka ne, akwai ta.

Ƙasusuwa 5 ne a ƙugu, tsakanin kowane biyu akwai faifai kamar matashi, bayansa da tauri, cikinsa da laushi. Idan ya tsage, na cikin ya ɓullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Shi ya sa cutar ke baya, amma ƙafa ke kuka.

Na sha tsayawa a ɗakin tiyata ana wannan aiki, kuma har yau yana burge ni. Ana sa majinyaci barci a kwantar da shi rub da ciki. Likita ya nemo daidai wurin da na'urar hoton ƙashi, ya yi yanka kamar santimita 2, sannan ya riƙa zura bututu, ƙarami sai wanda ya fi shi, suna buɗa tsoka a hankali ba tare da an ɗaye ta daga ƙashi ba. Ta cikin bututun yake leƙawa da madubin ƙara girma ko 'yar kyamara. Sai ya kau da jijiyar gefe, ya tsamo guntun da ya danne ta. Wani lokaci guntun bai fi ƙwayar gyaɗa ba, amma shi ya hana dattijo sujada. Jini kaɗan ke zuba, da yawa kuma suna takawa ran nan ko washegari. Tun 1977 ake cire faifai da madubi, ba gwaji za a yi da Baba ba.

Game da shanyewa, ka gaya masa laka tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, faifan da ya fi zamewa kuwa yana can ƙasa. Haɗari bai taɓa rasuwa a tiyata: miki na iya ruɓa, jijiya na iya jin rauni, faifan na iya sake ɓullowa. Amma shanyewa ba kasafai take faruwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zaton ƙanƙantar yanka ita ce ƙanƙantar aiki. Gwanintar likitan da ke wannan tiyata tana farawa ne daga tantance wanda ya kamata a taɓa. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 da magani da gashin ƙashi kawai. Baba ya wuce wannan, don haka a yi masa hoton MRI, wato hoton da ke nuna faifai da jijiyoyi, a kai wa likitan ƙwaƙwalwa da laka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ku tambaye shi kai tsaye wace hanya ta dace da hoton, kuma wacce hannunsa ya fi sabawa da ita. In akwai rama, zazzaɓi ko gumin dare, ku faɗa, don tibi ma yana cin ƙashin baya a ƙasar nan, maganinsa kuma daban.

Idan fitsari ya riƙe ko yana zuba bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafar ta fara jan ƙasa, kada ku kwana a gida, ku kai shi asibiti ko da tsakar dare ne. Kafin nan a dakatar da ƙaho, kuma ku matasan gidan ku karɓe masa ɗaukar buhu da sunkuyon dashe.