Wane sa zan kai wa saniyata da karsanarta, kuma ya halatta in biya kuɗin barbara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Muna da saniya ɗaya a gida wadda muke tatsa saboda yara, sai 'yarta karsana da ta fara neman sa yanzu. Shanu maza biyu ne kusa da mu. Ɗaya shine uban karsanar, mai shi ba ya karɓar komai. Ɗayan kuma wani ƙaton bijimi ne irin Firishiyan, mai shi yace sai na biya amma sai in ciki ya shiga, ko kuma mu bari in ta haihu maraƙin ya zama namu mu biyu. Wani ɗan'uwa yace min kuɗin nan haramun ne gaba ɗaya, har da allurar barbara da likitocin dabbobi ke yi. Malam mene ne hukunci, kuma wanne zan zaɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sanya albarka a turkenka malam.

Bari mu fara da kuɗin tunda shi ya fi tayar maka da hankali. Ɗan'uwanka ba daga kansa ya ƙirƙiro maganar ba, tana da asali. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kuɗin barbarar namijin dabba, Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir cewa ya hana sayar da barbarar raƙumi. A kan waɗannan ne Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suka ce bai halatta ba, ko da sunan sayarwa ko da sunan haya, dalilinsu kuwa abin da ake biyan kuɗin dominsa ba a san yawansa ba, kuma mai san ba shi da ikon miƙa shi, don sa ba ya hawa da umarni, in ya ga dama ya hau in bai ga dama ba ya juya ya kama cin ciyawarsa.

Imamu Malik ya rarrabe. A wurinsa abin da hadisin ya hana shine a ƙulla ciniki a kan shigar ciki, don wannan ba a hannun kowa yake ba sai Allah, amma in aka yi hayar san na wani lokaci sananne, kamar kwana biyu ko mako guda, ko aka ƙayyade sau nawa zai hau, to ya halatta kamar yadda ake hayar dabba don kowane aiki. Haka yake a Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, har ya ƙara da cewa in ta ɗauki ciki kafin wa'adin ya cika hayar ta warware a abin da ya saura.

Toh ka ga kenan sharaɗin da mai bijimin ya kawo maka, duk da a ido kamar sauƙi ya yi maka, shine ainihin surar da mazhabobin nan huɗu suka haɗu a kan hana ta. “Sai in ciki ya shiga” garari ne tsantsa, wato ciniki a kan abin da ba a da tabbacin samuwarsa. Raba maraƙin da ba a ma ɗauki cikinsa ba kuwa ya fi muni, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan cinikin abin da ɗan cikin taguwa zai haifa nan gaba, a Muwaɗɗa kuma an kawo daga Sa'idu ɗan Musayyab hani a kan sayar da abin da ke cikin cikin mace da abin da ke bayan namiji. Maraƙi na mai saniya ne, ɗan dabba uwarsa yake bi wajen mallaka, mai sa ba shi da ko kofato a ciki.

Mafita tana nan a fili. In za ku yi haya ku yi ta a kan kwanaki sanannu da lada sananne, ciki ya shiga ko bai shiga ba, wannan ingantacce ne a Malikiyya kuma ban ga laifi ga wanda ya yi aiki da shi ba. Abin da ya fi, wanda ya fitar da kai daga saɓani, shine aro. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa wani mutum daga ƙabilar Kilabu ya tambayi Annabi game da kuɗin barbara ya hana shi, sai yace ya Manzon Allah mukan ba da aron namiji sai a yi mana kyauta, sai ya yi masa rangwame a kan kyautar. Wato abin da ba a shardanta ba, ka ba shi da daɗin rai bayan an gama. In kuma ka rasa mai ba ka aro sam, Ibn Ƙudama ya kawo cewa mabuƙaci zai iya bayarwa, nauyin yana kan mai karɓa. Su kuma masu shanu maza ina jawo hankalinsu, a hadisin Jabir da ke Muslim an lissafa ba da aron namiji don barbara cikin haƙƙoƙin da ke kan dukiyar dabbobi, ba alfarma suke wa maƙwabta ba kamar yadda wasu ke ɗauka.

Batun allura, ladan likita da zuwansa da kayan aikinsa halal ne babu ko shakka, aiki ya yi aka biya shi. Kuɗin shi kansa maniyyin da ake ajiyewa a daskare ne malaman zamani suka yi saɓani a kai, wasu sun tsaya kan gamewar hadisin sun hana, wasu suka ce dalilin hanin ya kau tunda yanzu abu ne sananne, an auna shi, an gwada shi, kuma ana miƙa maka shi hannu da hannu. Ni na fi natsuwa da magana ta biyu, muddin ba a jingina biyan da shigar ciki ba.

Yanzu zaɓin san, wanda a gaskiya shi ya fi damuna a tambayarka. Shari'a bata ambaci wani jinsin shanu tace shi za a bi ba, Annabi da kansa a ƙissar barbarar dabino yace ku ne mafi sanin al'amarin duniyarku. Amma ta kafa iyaka, ba cuta ba cutarwa, kuma dabbar da ke turkenka amana ce da za a tambaye ka a kanta. Kuskuren da na hango shine kana neman sa ɗaya da zai yi wa dabbobi biyu, alhali halinsu ba ɗaya ba ne.

Karsana bata taɓa haihuwa ba, ƙugunta bai gama buɗewa ba, ita kanta girma take. Masana kiwo na cewa kada a kai mata namiji sai ta kai kimanin kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyin da za ta yi in ta cika saniya, fara neman sa kaɗai ba hujja ba ne, yarinya ce har yanzu. Maraƙin Firishiyan ana haifarsa da nauyin kilo 40 ko sama da haka, na Jasi kuwa, wani irin shanun madara mai ƙaramin jiki, wajen kilo 25 ne, kaga tazarar ba ƙarama ba ce ga mai haihuwar fari. Duk wanda ya taɓa tsayuwa kan karsana mai doguwar naƙuda ya san abin da nake faɗa, ƙafafun gaba biyu sun leƙo, hancin maraƙin yana kansu harshe ya kumbura ya fito, tana nishi tana kwanciya tana tashi amma kafaɗu sun ƙi wucewa, ana ɗaura igiya ana ja, ƙarshe ko a rasa ɗan ko uwar ta kasa miƙewa ko a rasa duka biyun. In mutum ya san haka na iya faruwa, masani ya gargaɗe shi, ya ƙi ji saboda kwaɗayin maraƙa mai yawan madara, to ina jiye masa tsoron zunubi. Don haka bijimin nan kada ya kusanci karsanarka sai likitan dabbobi ya duba ta yace za ta iya.

Ubanta fa? Ta fuskar hukunci babu haramci, dabbobi ba mukallafai ba ne, babu muharrami a tsakaninsu, ɗan da aka haifa halal ne namansa da nononsa. Amma ba duk halal ne ya zama dabara ba. Haɗa uba da 'ya yana fito da aibin da ke ɓoye a jinin, ana samun maraƙi mai rauni ko nakasa, haihuwa da madara su ja baya. Ka nemo mata na uku wanda ba danginta ba, matsakaicin jiki, wanda aka shaida 'ya'yansa ƙanana ake haifarsu kuma ba da wahala ba. In babu a kusa to nan allurar ke da amfani, ka ce wa likitan irin mai sauƙin haihuwa kake so.

Ita babbar saniyar lamarinta da sauƙi. Uban karsanar ba jininta ba ne in dai ba ka san wata alaƙa ba, ta riga ta haihu da shi kun ga abin da ya bayar, kyauta kuma ake ba ka, ni da shi zan fara. In madara kake son ƙarawa a zuriyar kuma jikinta babba ne, za ta iya ɗaukar na bijimin, sai dai ka sani 'yar da za ta haifa ci gare ta kuma bata jure zafi da wahala kamar uwarta, ka auna ƙarfinka kafin ka ɗauko abin da za ka bari da yunwa.

Ko wanne ka zaɓa kada girman wuya da kyan fata su ruɗe ka. Sa ba a tatsarsa, madararsa a jikin uwarsa da 'ya'yansa mata ake ganinta, ka je ka dubi hantsarsu, ta ɗauru da kyau ko ta zubo har gwiwa, kan nonon huɗu daidai suke da hannun mai tatsa ko kuwa. Ka dubi tafiyarsa da ƙafafun bayansa, ka dubi marainansa kada ɗaya ya kumbura ya fi ɗaya, ka lura da halinsa don faɗa ma ana gadonsa, kuma saniyar gida mata da yara ne ke kewaye da ita. Sannan ka yi tambayar da mutane ke jin nauyin yi, ana ɓari a garken da yake? Cutar bakkale tana zubar da ciki a watannin ƙarshe, tana riƙe mabiyiya, kuma tana kama mutum ta hanyar ɗanyen nonon da ba a tafasa ba, ga shi kace don yara kuke tatsa. Akwai kuma cututtukan da tsohon sa ke ɗauke da su ba alama a jikinsa, saniya ta ɗauka kamar ciki ya zauna sai bayan wata biyu ko uku ta dawo nema. Wajibi ne mai san ya faɗi gaskiya in ya san da aibi, ɓoyewa ha'inci ne ko aro ya bayar.

Tunda a kan kwanaki za ku ƙulla in haya ce, ka san lokacin. Saniya na dawowa nema kusan duk kwana 21, kuma tsayawarta ga namiji ba ya wuce yini ko ƙasa da haka, za ka ji kukanta ya yawaita, madara ta ɗan ragu, wani farin ruwa mai yauƙi yana zuba, in wata ta hau ta sai ta tsaya cak. Ka rubuta ranar da aka hau ta, in kwana 21 suka wuce bata sake nema ba alama ce mai kyau, sai ka ƙirga kimanin kwana 283 zuwa haihuwa, ka daina tatsarta wata biyu kafin ranar don jikinta ya huta.

Wallahu a'alam.