Kafin ka sayi notin taya, leƙa ramin jantinka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ka sayi Hilux ta hannu, notocin tayarta na asali sun yi tsatsa, biyu kansu ya cinye har kile, wato sifana, ba ya kama su, ka kuma ga wasu masu ƙyalli a kasuwa kana so ka zuba su duka. Shekarata goma sha bakwai ina tuƙi tsakanin Damagaram da Tanut da Agadas, kafin nan kuma na yi aparanti, wato yaron mota, a babbar mota, to bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Canza su ba laifi ba ne, wanda kansa ya cinye ma dole a fitar da shi. Amma don Allah kada ka je kasuwa sai ka cire noti ɗaya ka leƙa ramin da yake zama a jikin janti, wato ƙarfen da ake sa wa robar taya. Gindin noti iri uku ne. Akwai mai tsini kamar mazurari, shi ke shiga jantin ƙarfe. Akwai mai gindi a shafe da wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda, a jikinsa, wanda Toyota ke sa wa jantinta na alminiyam. Akwai kuma mai gindi zagaye kamar rabin ƙwallo, irin na wasu ƙananan motocin Jamus. Kowanne da ramin da aka yi masa. In ka sa mai tsini a ramin da aka yi don mai wasa, zai ɗauru, har ka ji ya yi tauri a hannunka, amma ɗan siririn baki ne kawai ya taɓa janti. Alminiyam ba shi da tauri, kowane rami da ka faɗa noti na ƙara cin wurin, a hankali ya saki.

Ni wannan ya same ni. Na sa jantin alminiyam na asali da na samu ta hannu, na bar notocin jantin ƙarfe a kai, don mai facin da ya ɗaura mini ya ce duk ɗaya ne. Na ɗauki buhunan gero da mutum huɗu, muka kama hanyar Tanut. Mun wuce matatar man SORAZ da kaɗan na fara jin ƙwas-ƙwas daga baya, motar tana ɗan rawa. Na tsaya na duba tayar baya ta hagu: cikin gujon shida, wato ƙusoshin da noti ke hawa, biyu sun karye, sauran huɗun ina juya notocinsu da yatsa, ramukan janti sun zama kamar ƙwai. Allah ne ya kiyaye, don akwai mace da goyo a motar. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Sai maganar haƙora, wato zaren da ke jikin gujon da cikin noti. Gujon Hilux milimita 12 ne, tazarar haƙoransa 1.5, kile mai lamba 21 ke kama notin. Nissan ma milimita 12 ne, amma tazararta 1.25. A ido ba ka bambanta su, kuma a shago sau da yawa a kwano ɗaya suke. Notin Nissan zai hau gujon Toyota zagaye ɗaya ko biyu, sai ya cije. A nan yaro zai ɗauko kile ya tilasta masa, shi ke nan haƙoran gujon sun tafi. Ka tafi da tsohon notinka, in da hali ka tafi da motar, ka ɗaura sabon da yatsunka kawai. In bai yi zagaye takwas ba salin-alin, mayar wa mai shago kayansa. Land Cruiser mai gujon biyar kuma milimita 14 ne, nata daban.

Masu ƙyallin nan, ɗauki ɗaya ka auna shi a tafin hannu tare da na asali. In ka ji ba nauyi, bar shi. Wasu hular gwangwani ce aka rufa musu, tsatsa na shiga ƙarƙashi hular ta kumbura, ranar da ka yi faci a daji lamba 21 ta ƙi shiga. Mai rufaffen kai kuma in gajere ne, gujon na tokare shi daga ciki kafin ya danne janti. Ni a ganina, notin Toyota na asali ko da ta hannu ne, in haƙoransa lafiya, ya fi sabo mai ƙyalli da ba ka san inda aka ƙera shi ba. Mai makulli na hana sata ma ba na sa shi a motar da ke shiga daji, don ƴar makullin ɓacewa take yi.

Wurin ɗauri ne mutanenmu suka fi ɓarna. An saba a zura bututu a kile, yaro ya hau ya yi tsalle. Wannan ɗaurin babbar mota ne, mai gujon goma na milimita 22, wadda ke son wajen niyuton-mita 600 a awon ƙarfin ɗauri. Littafin Hilux ɗina 105 ya ce. In aka wuce da yawa gujon na miƙewa, ba ka gani, sai wata rana ya tsinke. Nemi garajin da ke da kile mai awo, wanda ke yin ƙas in ya kai. A goge gujon da buroshin waya, kada a shafa masa mai ko giris, don awon da ke littafi na busasshen gujon ne. A ɗaura a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba bi da bi ba. Ku masu Canter da tsofaffin Isuzu kuma ku lura, wasunsu notocin gefen hagu haƙoransu a juye suke, za ku ga harafin L a kai, hannun dama ake kwance su.

In an gama, yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bi ta kansu duka. Ni in na tashi daga Damagaram zan yi yamma, a Takeita nake tsayawa in taɓa kowanne. Ka riƙa kallon janti kuma: in ka ga jan layin tsatsa ya fito daga gindin noti, wannan notin motsi yake.

Tsofaffin da ba su lalace ba, zuba shida a leda ka ajiye kusa da jak, musamman in tayarka ta ajiya mai jantin ƙarfe ce. Ba ka faɗa mana irin jantin da ke motar ba. Ɗauko hoton ramin bayan ka cire noti ɗaya, da hoton notin ta gindi, ka turo, in sha Allahu zan gaya maka wanda za ka saya.