Cefane a Shagunan 'Yan Latin Amurka: Amsoshin Wasiƙunku

Anti, ban daɗe da tarewa a Bronx da ke birnin New York ba. Shagon da ke kusa da mu na 'yan Dominika ne, maigidana kuma yana da hawan jini. Tsoro nake kada in sayo abin da zai cuce shi.

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Rabin kayan shagon nan tun a gida kika san su, suna ne kawai ya bambanta. Yuca rogo ne, plátano agada, frijoles wake, busasshen furen da suke kira jamaica kuwa zoɓonmu ne sak. Gishiri za ki sa wa ido. Garin adobo da sazón, kayan ƙamshin girkinsu, cike suke da shi, in kin barbaɗa su kada ki ƙara dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya ma bai cika ba. Busasshen wake ya fi araha. In na gwangwani ne, tsiyaye ruwan ki ɗauraye.

Hajiya, ni direban tasi ne. Kullum burito na wake, wato waken da ake naɗewa cikin tortiya (siririn burodinsu mai faɗi), nake saye da rana, tunda babu nama a ciki. Na yi daidai?

Malam, ka tambaya kafin ka kai baki? Nan ne mutanenmu ke ba ni haushi. A gida sai mutum ya shinshina manja ya ɗanɗana kafin ya biya, amma ya zo Amurka ya ga babu tsoka ya ce shi ke nan. Akwai kalma ɗaya da kowa ya kamata ya haddace: manteca. A girkin Meziko kitsen alade ake nufi, sai in an rubuta vegetal, wannan na tsiro ne. Da kitsen aladen nan aka saba soya dakakken waken da ake cusawa a burito, da shi ake kwaɓa tamales (kwaɓin masara da ake turarawa a ganye), yakan shiga tortiyar fulawa ma. Mofongo na 'yan Puerto Rico kuwa agada ce aka kirɓa da chicharrón, soyayyar fatar alade. Ni kaina na yi wata biyu ina sayen wata tortiya mai laushi, sai 'yata ce ta juya ledar ta nuna min. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba. Ba yaudararka suke ba, abincinsu ne haka. Ka ce "¿Tiene manteca?", wato "Akwai manteca a ciki?", za su faɗa maka. Tortiyar masara ta fi kwanciyar rai: galibi masara ce da ruwa da farar ƙasa, kuma ta fi sauƙin maiƙo ga mai wuni a zaune bayan sitiyari.

An ce Coca-Cola ta Meziko ta kwalba ba ta da illa saboda sukarin rake ne?

Haba! Rake ya taɓa hana ciwon suga? Meziko da kanta ta ɗora haraji kan lemon zaƙi a 2014, a 2020 kuma ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a jikinsa. Sayi jamaica ka jiƙa da citta da kanumfari, sukarin kuma rabin wanda hannunka ya saba.