Amsoshin tambayoyinku: masu rubuta labarin kisan kai na zamanin da, ku riƙe aljihunku

Tambaya: Malam, ina so in fara rubuta littafin binciken kisan kai wanda ya faru shekaru ɗari da suka wuce. Shin in fara sayen sabuwar kwamfuta da manhajar rubuta littafi ta Scrivener ne, ko in jira sai kuɗi sun samu?

Ɗan'uwa, da me ka rubuto min wannan tambayar? To da shi za ka rubuta babi na ɗaya. Scrivener na da amfani ga wanda babinsa suka yi yawa har suna rikita shi, kai kuwa ko sunan wanda za a kashe ba ka zaɓa ba tukuna. Ka kai shafi hamsin sannan ka dawo mu yi maganar sayayya.

Tambaya: Labarina a Landan yake, wajen 1885. Ɗan sandan ciki ya kama mai kisan ta hanyar zanen yatsa da gwajin jinin da ke jikin riga. Ina tunanin biyan kuɗin shekara guda a wani rumbun tsofaffin jaridu, har ma ina tara kuɗin zuwa can in ga unguwannin da idona. Wanne ya fi?

'Yar'uwa, kafin maganar kuɗi akwai gyara a labarin kansa. A 1885 babu kotun Ingila da za ta rataye mutum saboda zanen yatsa. Gaskiya ne wani likita Henry Faulds ya rubuta a mujallar Nature tun 1880 cewa ana iya gano mai laifi da shi, amma shari'ar kisa ta farko da aka warware da zanen yatsa a Ajantina aka yi ta a 1892, ta Francisca Rojas wadda ta kashe 'ya'yanta biyu. Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan, sai 1901 ta buɗe sashen zanen yatsa, sai kuma 1905 aka yanke wa wasu 'yan'uwa biyu, 'yan gidan Stratton, hukuncin kisa saboda shatin babban yatsa a jikin akwatin kuɗi. Jini ma haka, sai 1901 Paul Uhlenhuth a Jamus ya fito da gwajin da ke bambance jinin mutum da na dabba. Kafin nan mai kisa ya ce rago ya yanka, da wuya a ƙaryata shi da hujja mai ƙarfi. Ni a ganina wannan ai riba ce gare ki, ɗan sandanki ya karanta abin da Faulds ya rubuta, ya yarda da shi, manyansa suna masa dariya, dole ya nemo hujjar da alƙali zai karɓa, ga labari nan ya samu ƙashin baya. In kuma kimiyya kike so lallai, ki koma guba, gwajin Marsh na gano gubar asenik yana nan tun 1836, da shi aka kama Marie Lafarge a Faransa a 1840 kan mutuwar mijinta.

Kuɗi kuma, kar ki biya komai tukuna. Bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan daga 1674 zuwa 1913 suna intanet kyauta, shari'a kusan dubu 200, da bakin shaidu kansu, za ki ji yadda 'yar aiki da mai keken doki suke magana, ƙarfe nawa ake kashe fitila, wa ke riƙe makullin gida. Ki gama da wannan, ki jera tambayoyin da suka rage a takarda, sannan ki biya na wata ɗaya kacal a rumbun jaridu na British Newspaper Archive, kuma ki kashe sabuntawar da ke cire kuɗi da kanta don an sha tatsar mutane ta nan. Tafiya in da hali ba laifi, amma da yawa daga waɗancan lungunan an rushe su, taswirar lokacin ta fi ƙafarki gaya miki gaskiya. Kuma ki kula da masu kwafo tsofaffin littattafan da ke kyauta a Internet Archive da Project Gutenberg su manna musu bango mai kyau su sayar, sai ya iso ki tarar shafuka sun ɓace, haruffa sun cakuɗe.

Tambaya: Littafina ya fito wata biyu, ciniki shiru. Wani ya turo min saƙo ya ce ya karanta ya burge shi, zai samo min sharhi mai tauraro biyar guda ɗari, mabiya dubbai, ya kuma haɗa ni da masu shirya fim, in na biya rabi yanzu. In biya?

A'a. Kuma zauna, don wannan maganar ta daɗe tana ci min rai.

Malam, mutumin nan bai karanta littafinka ba. Tambaye shi waye ya yi kisan, ka ga yadda zai kama kame-kame. Bayanin da ke bayan bango ya kwafa, yanzu ma na'ura ke rubuta musu yabon, shi ya sa yake zuwa da daɗi kamar daga bakin masoyi, kuma irin saƙon nan ya tura wa marubuta ɗaruruwa a rana ɗaya. Sun san lagonku, mutum ya shekara biyu ko uku yana tono a tsofaffin takardu, littafi ya fito babu wanda ya ce uffan, duk wanda ya fara cewa madalla sai zuciya ta narke.

To a ce ma ya cika alkawari, me ka saya? Sharhin bogi ka saya, wanda dokar Amazon ta hana, in sun gano su goge, wani lokacin har su rufe asusun marubucin, kai ke da asara, shi ya riga ya canza suna ya koma kan wani. A Amurka tun 2024 hukumar FTC mai kula da kasuwanci ta kafa doka a kan saye da sayar da sharhin ƙarya da mabiyan bogi, da tara a kai. Mabiyan nan kuwa ba mutane ba ne, ba sa karatu, ba sa saye, kuma suna jawo tallanka ya daina isa ga mutanen gaske saboda manhaja na ganin dubbai sun yi shiru sai ta ɗauka abin ba shi da armashi. Masu karanta labarin bincike kuma wallahi ba a raina musu hankali, mutanen da ke gano mai kisa tun babi na huɗu ne za su kasa gane sharhi ɗari masu kalmomi iri ɗaya?

Maganar fim ita ce ta fi ba ni haushi. Wakilin marubuta na gaskiya kasonsa yake cira bayan an sayar, yawanci kashi 15 cikin ɗari, ba ya karɓar sisi kafin nan. Kamfanin fim mai son labarinka shi zai biya ka, ba kai za ka biya kuɗin "gabatarwa" ba. Haka kamfanin ɗab'in da ya ce ya zaɓe ka sannan ya miƙo maka takardar biya, shago ne kawai kai kuma kwastoma. Wasu har sunan manyan kamfanoni suke ara, su canza harafi ɗaya a adireshin imel. Akwai shafin Writer Beware da ke bin diddigin irin waɗannan tun 1998, ka sa sunan mutumin a can kafin ka sake amsa masa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma a nan ba kwaɗayi nake gani ba, gajiya ce da son a ce an gan ka, su kuma da ita suke ci.

Abin da zai taimake ka ba ya cin kuɗi sosai, lokaci yake ci. Duk abin da ka tono bai shiga littafin ba, shi ne tallanka, shari'ar gaske da ta ba ka dabarar, yadda ake binciken gawa a lokacin, ka riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan, ka ba masu karatu na gaske kwafi kyauta su faɗi ra'ayinsu ko mai ɗaci ne.

Tambaya: Ni sabuwa ce, kuma tsoro ya hana ni barci. Labarina ya samo asali ne daga wani kisa na gaske da aka yi tun zamanin kakanni. Ina tsoron a sace min shi, ina tsoron dangin mamacin. Wani ya ce in biya shi ya yi min rajistar haƙƙin mallaka.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, tsoron nan alama ce kin ɗauki aikin da muhimmanci. A ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallaka, kuma su ne mafi yawa a duniya, haƙƙin mallaka naki ne tun ranar da kika rubuta, ba sai da rajista ba. In kina son ƙarin shaida ki je hukumar ƙasarki da kanki, ba ta hannun dillali ba. Ki sani kuma kalmominki doka ke karewa, abin da ya faru a tarihi na kowa ne, wani ma zai iya rubuta nasa.

Dangin mamaci kuwa kin yi daidai da kika tuna da su. Canza sunaye, canza garin, kada ki ɗora kisa a kan mutumin gaske da kotu ba ta kama da laifi ba, jikokinsa na nan da ransu. Kuɗin da kika ware ki kai wa edita, wanda zai gano miki cewa kuyangar da ta mutu a babi na uku ta kawo shayi a babi na tara. Ki ce ya fara gyara miki shafi biyar ki gani kafin ki biya.

Tambaya: In buga riguna da kofuna masu hoton bangon littafina?

Wa zai sa rigar da aka zana wuƙa da jini a ƙirji ya fita? Buga kwafi kaɗan na littafin tukuna, in sun ƙare ka ƙara.